Ajin Asabar a Tarauni

Ɗan farina malamin jami'a ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka muka tarar: ɗan fari ba a kallonsa ido cikin ido, ba a zama hira da shi. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya kamar yadda ƙannena suke cewa. Bayan rasuwar mahaifinsa na zauna ni kaɗai a gidanmu na Gyadi-Gyadi, sai masu haya a ɗakunan waje. Duk Juma'a yakan zo, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, an wuni lafiya?"

"Lafiya. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaisuwa."

Iyakar abin da na sani na muryarsa ke nan.

Bayan sojoji sun koma bariki sai na fara jin maganarsa a bakin mutane. Wai ya daina sayar wa ɗalibai takardun darasi. Ya kai su shagon fotokofi a bakin titi, ya ce duk mai so ya kwafa, malamin da ya ga gyara ya gyara ya koyar da su. Laccarsa kuma yana ɗauka a kaset, ya bar wa mai kaset na kasuwar Tarauni. Wasu abokan aikinsa sun ce ya zubar musu da daraja. Ban taɓa shiga aji ba, amma na san mutum ba ya zubar da abin da ya sha wahala a kansa sai da dalili.

Cikin masu haya akwai wata Bayarabiya Kirista, haifaffiyar Kano, tana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, tana karatun jami'a na wucin gadi. Wata rana ina tsince shinkafa sai na ji namiji yana magana a ɗakinta. Na miƙe, don ban yarda da wannan a gidana ba. Na ɗaga labule, ba kowa sai ita da rikoda.

"Mama, kin zo kama kwarto? Ga shi nan, da batir yake aiki."

"Rage muryar abin nan."

"Ba ki gane shi ba? Ɗanki ne fa."

Na saki labulen na koma kan tabarmata. Ban gane shi ba. Mutumin cikin rikodan yana magana da sauri, Turanci da Hausa a gauraye, kan ƙasar noma da yadda take riƙe ruwa. Can ya faɗi wani abu, aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ashe yana da barkwanci. Direbobin bas sun sani, ɗalibai daga Babban Giji har Unguwar Gano sun sani, ban da ni.

Ban taɓa cewa ta kunna mini ba. Sai dai na mayar da wurin tsintar shinkafa kusa da tagarta. Ita ma ba ta nuna ta lura ba, ta dai daina rage murya.

Ita ce ta gaya mini yana buɗe aji duk Asabar a wata firamare a Tarauni, kowa ya shiga, ko ba ɗalibi ba. Kuma ita ta gaya mini saura aji ɗaya, zai tafi ƙasar waje ƙarin karatu, zai daɗe. Shi abin da ya ce mini kawai, "Akwai tafiya a gaba." Na ce Allah ya tsare.

Na duba shekaruna, na duba tsawon tafiyar. Ina so in ga fuskarsa yana wannan dariyar, ko sau ɗaya.

Ranar Asabar na yafa babban mayafi na hau bas. Ajin ya cika har tagogi. Akwai matan aure da goyo, akwai wani dattijo da rigar gadi, akwai samari riƙe da rikoda sama da kawunansu. Na raɓe a baya, na ja mayafi har hanci. Yana tsaye da alli a hannu, ya naɗe hannun riga, yana kai da kawo. Ya zuba ruwa a kwano biyu masu ƙasa iri daban-daban, yana tsokanar wani saurayi.

"Malam na gaban nan, kai da ka ce duk ƙasa ɗaya ce, zo ka sha wannan."

Aka yi dariya. Na ga yana taɓa kunne in zai yi tambaya, kamar mahaifinsa. Na ga furfura a gefen kansa, wadda hula take ɓoye mini duk Juma'a.

Sai wata maƙwabciyarmu ta waiwayo ta gan ni. Ta miƙe tana share benci da gefen zaninta.

"A ba Hajiya wuri, mahaifiyar Malam ce."

Kawuna suka juyo. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya ajiye allin, ya sauke hannun rigarsa, ya sunkuyar da kai. Ya so ya ci gaba, muryar ta koma irin ta bakin ƙofata, ƙasa-ƙasa, kalma biyu ya tsaya. Na baya suka fara cewa ba sa ji. Mutanen nan sun bar sana'arsu sun zo, ajin ƙarshe ne, ni kuma na tsaya masa a maƙogwaro. Na juya na fita. A ƙafa na koma gida.

Bayarabiyar ta ce bayan fitata ya ɗan farfaɗo, amma bai ƙara ba da dariya ba.

Juma'ar da ta biyo ya zo sallama. Ya durƙusa inda ya saba.

"Ashe an je Tarauni."

"An je."

"Da an faɗa, da an tanadi kujera."

"Wucewa aka zo yi."

Ya ce jirginsu jibi ne. Na ce Allah ya kai lafiya, ya ba da abin da aka je nema. Ina kallon bakin tabarma har ya sa takalmansa, na ji ƙarar ƙofar zaure.