A Ƙarƙashin Motar da ke Ɗauke da Gwaggo

Gwaggo ta rasu da hantsi a asibiti a Gaya, tsakiyar damina, lokacin da gero ya fara fidda kai. Yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ban iya ɗaura wando ba. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko akuya ba. Wasiyya ɗaya ta bari, kuma ni ta ɗora wa: a kai ta ƙauyenmu, can gaba da Toranke, a sa ta kusa da ɗanta. Ɗa ɗaya ta taɓa haifa, ya koma ko yaye ba a yi masa ba, tun kafin a haife ni da daɗewa. Kwana biyu kafin ta cika ta riƙe min babban yatsa ta ce, "Ka ji ko?" Na ce na ji.

Motata tsohuwar jif ce, irin mai ja da ƙafa huɗu. Kusan wata uku ke nan wata 'yar wuta mai ruwan lemo tana ƙifta min ido a dashbod. Na san abin da take nufi, don na yi shekaru a gareji a Kano kafin in koma koyarwa. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. A samansa an ɗaura 'yan suwic, kowanne kamar fulogi, su ke shaida wa motar cewa giyar ta shiga. In ɗaya ya cije da datti, sai motar ta ƙi yarda, ta bar ka da ƙafa biyu. Aikin awa ɗaya ne. Ni kuwa, gwanin gari, sai na yanko baƙin salatif na liƙe wutar don kada ta dame ni. Mai yawo a kan kwalta ina ruwansa da ƙafa huɗu?

Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa tabarma, muka sa ta lulluɓe da zanenta. Baffa, ƙaninta, malamin allo ne mai ƙarancin magana, ya zauna gaba da carbinsa. Na buga waya ƙauye na ce a fara haƙa, mata su ɗora ruwa, muna tafe kafin azahar.

Mun wuce Ajingi lafiya, mun sauka daga kwalta, mun bar Toranke a baya. A wani kwari tsakanin gonaki, inda ruwan jiya ya tara yashi da taɓo, tayoyin baya suka nutse. Na tura ƙaramar giya, na taka. Baya na ta wulwulawa, gaba ko motsi. Na ɓare salatif ɗin da farce. Wutar na nan tana ƙiftawa, kamar yadda na bar ta.

Baffa ya fito ya zagaya motar, ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas.

"Gawa ba a ajiye ta," ya ce. "Akwai gari a bayan gonakin nan, suna da maƙabarta. Ƙasa duk ta Allah ce."

"Baffa, alkawari na yi mata."

"Kai ka yi, ba motarka ba. Zan je in nemo mutane da makara. In na dawo na tarar da ita a nan, a garin nan za a yi mata sutura."

Ya tattare rigarsa ya kutsa cikin gero. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in bi shi da magana. Amma da wane baki? Gaskiyarsa ce, kuma ni na san wanda ya liƙe wutar.

Na cire riga, na ɗauki sifana da tsumma da ɗan fetur a murfin jarka, na yaye taɓon da hannu, na shige ƙasan motar da baya. Wurin ya yi ƙunci, ƙarfe bai fi taƙi ɗaya daga hancina ba. Sai da na daidaita kwanciya na lura da abin da ban so lura da shi ba: Gwaggo na kwance daidai samana, kanta inda kaina yake, ƙafarta inda tawa take. Farantin ƙarfen ƙasan motar ne kawai da tabarma a tsakaninmu.

Ba a ganin suwic ɗin daga ƙasa, sai lalube. Na miƙa hannu ta gefen akwatin, ƙarfe na ƙona min tsintsiyar hannu, na zare wayar na farko na kwanto shi. A bakin kowanne akwai ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar wake. Mai lafiya in ka danna shi da yatsa sai ya nutse ya dawo. Na farko lafiya. Na biyu ma haka. Duk wannan lokaci ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Tsakar rana a gona, da damina, ko kurciya babu, ganyen gero ma ya tsaya cik.

Na uku ne ya cije. Baƙin maiƙo da ƙasa sun daskare a bakinsa, ƙwallon ya shige ya ƙi fitowa. Na tsoma shi a fetur, ina kwance, ina sakace gefensa da tsinken ciyawa. A nan na ji an ƙwanƙwasa daga sama. Sau biyu, aka tsaya, sannan sau ɗaya.

Sunan mahaifinta aka sa min, don haka Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana, zoben azurfarta take buga wa langa ko ƙyauren ɗaki, sau biyu, ta tsaya, ta ƙara ɗaya. Da wannan bugun na tashi makaranta, da shi na zo cin tuwo. Kafin in yi wani tunani bakina ya riga ya ce, "Na'am."

Na san salansa, bututun hayaƙin mota, tana ƙara in tana hucewa, na ji ta sau ba adadi. Amma salansa ba ta ƙirga. Zoben kuma tun a asibiti wata ma'aikaciya ta zare shi ta ba ni, yana aljihun wandona, ina jin tudunsa a cinyata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, tsigar jikina ta tashi. Na so in fito in gudu cikin geron nan. Abin da ya hana ni, in na fito dole in miƙe tsaye kusa da gilashi, kuma ban san abin da zan gani ba.

Sai na ci gaba da kwanciya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da numfashina ya dawo, na ce a hankali, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ni na jawo mana." Ba a sake bugawa ba. Na ci gaba da murza suwic ɗin a tsumma ina hawaye, fetur na gangaro min har gwiwar hannu. Can na danna, ƙwallon ya yi ɗan ƙas ya fito. Na danna ya fi sau goma don in tabbata, na mayar da shi, na ɗaure, na jona wayar. Ragowar ban ko taɓa su ba.

Na fito ta gaban motar, ba ta gefe ba. Na cire kan batir na mayar, na shiga na zauna, na karkatar da madubi sama don kada ya nuna min baya. Na tayar, na tura ƙaramar giya. Wutar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta mutu. Na ji gaban motar ya kama ƙasa, ta yi nishi ta haye tudu.

Ina tsayawa Baffa ya ɓullo da mutum huɗu da makara. Ya dubi motar, ya dube ni da taɓo har gashin kai. Ya yi wa mutanen godiya, suka yi mata addu'a suka juya. Har muka isa ban gaya masa abin da na ji ba.

Bayan la'asar muka shiga gari. Mata suka karɓe ta, mu muka wuce maƙabarta. A can wani dattijo cikin masu haƙa ya ja mu gefe. Ya ce ba wanda ya tuna inda aka sa jaririn, shekaru sun yi yawa, don haka da na bugo waya suka haƙa a sabon ɓangare, ta gangare. Har azahar ramin a bushe yake. Suna zaune suna jiranmu ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, kafin wani lokaci ya kai idon sawu. Sai suka bar shi suka hau tudu, tsohon ɓangare, suka sake wani.

"Da muka yi nisa," ya ce, ya rage murya, "sai muka tarar da 'yan ƙasusuwa a jikin bangon gabas. Ƙanana ne ƙwarai, Malam. Mun mayar mun shafe da ƙasa."

Baffa ya tsaya ya daɗe yana dube-dube, ya kalli hanya, ya kalli gari.

"Da akwai aduwa a nan?" ya tambaya.

"An sare ta tun tuni. Ga kututturen can."

"A gindinta muka sa yaron," in ji Baffa. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya rufe fuska da hannun riga. Tunda nake ban taɓa ganin ya yi kuka ba.

Da aka yi mata salla aka kawo ta, ni na shiga ramin na karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a kan damanta, na daidaita fuskarta ga alƙibla, daidai inda sabon shafen ƙasar yake, bai ma bushe ba. Tsakaninta da shi bai kai taƙi ɗaya ba. Na ce a miƙo itace.