Ranar da Wasan Besbol Ya Kusa Mayar da Ni Boka

Cikin shekarun da na yi ina aiki a Riyad, akwai wata la'asar da har yau ba ta fita raina ba. Ku sababbin zuwa, ku saurara.

Da tuƙi na fara a wani gida a unguwar Suwaidi. Daga baya kafilina, wato mai gidan da iƙamata, takardar izinin zamana, take hannunsa, ya mayar da ni kula da mahaifinsa. Tsohon ya yi aikin mai da Amurkawa a gabashin ƙasar tun yana saurayi, can ya koyi son besbol, wasan da mutum ɗaya yake jefa ƙwallo, wani ya doka da kulki ya ruga. Tsufa ya cinye masa tunani. Sunana ma kullum sai ya tambaya. Amma akwai wani tsohon wasa na zamanin hoto baƙi da fari da ake kunna masa bayan azahar, kuma duk ɗan wasan da ya fito sai ya karanto tarihinsa: sau nawa ya doka a shekarar, sau nawa ya kuskure. Ko malaminmu na allo bai riƙe hadda haka ba. Abu ɗaya ne ba ya riƙewa, yadda wasan ya ƙare. Kullum sabo ne a wurinsa.

Aikina shi ne magani, abinci, alwala, sai zaman kallo. A hankali ni ma na haddace wasan ba da niyya ba.

Ran nan aka kira la'asar, ya ƙi tashi, wai sai dogon ɗan wasan nan ya doka. Na ce, "Ammi," wato baffa da Larabci, "wannan zai kuskure, na bayansa ya cilla ƙwallon waje, masu farar riga su ci. Tashi mu yi salla."

Haka kuwa aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni, ya ja kujerarsa baya, ya ƙwala wa ɗansa kira.

"Wannan baƙon duba yake yi. Ya san gaibu. Ka fitar da shi daga gidana."

Kun dai san ƙasar nan. Zargin sihiri ba abin dariya ba ne, ga iƙamata ta kusa ƙarewa. Na yi wa kafili bayani a tsaye. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya ce, "Na yarda da kai, ya Musa. Amma in gobe ya ƙi ka, sai dai ka koma gida."

Washegari na kunna wasan. Tsoho ya tambayi sunana, na faɗa. Da dogon ya ɗauki kulki, tsoho ya karanto lissafinsa tsaf, sannan ya juyo.

"Kai a ganinka zai doka?"

Kafili yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Ammi, mu zuba ido. Allah ne masani."

Dogo ya kuskure. Tsoho ya dafe kai, ya yi salati, sannan ya ce wa ɗansa, "Wannan mai tsoron Allah ne. Ka riƙe shi."

Aka sabunta iƙama. Na zauna da tsohon har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya a aikin jinya ke nan: tsohon da ya rasa jiya, mamakin yau kaɗai ya rage masa. Ko ka san ƙarshen, ka ja bakinka, ka zauna ku jira tare.