Minti Huɗun da Tanti Balaraba Ta Kashe Rediyo

Shekara goma sha tara, ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Tanti Balaraba a gida ba. Za ta fito daga ɗakinta na unguwar Treichville a birnin Abidjan da tsohuwar jaka, littafin rubutu da biro biyu a ciki, ta fara da kasuwa. Ta zauna wajen masu atamfa, ta leƙa wajen masu kwanoni, ba don ta sayi komai ba. Kunne take bazawa. Daga nan ta hau bas ta haye gada zuwa tashar Adjamé, inda labaran Maraɗi da Tawa ke sauka tare da buhunan albasa.

In kuna sauraron "Kun Ji Kuwa?", shirin kacici-kacicin labaran mako da ƙaramin gidan rediyonmu na Adjamé ke yi duk Asabar bayan la'asar, kun san muryar Mansur mai gabatarwa. Kun san mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan fim da ke zuwa a yi musu tambaya, su ba da amsar shirme, mu yi ta dariya har da hawaye. To tambayoyi goman da ake yi musu daga littafin Tanti suke fitowa. Ko sau ɗaya ba a taɓa ambaton sunanta a shirin ba.

Tana da doka guda, kuma ranar Juma'a take aiki da ita. Duk wanda za a yi raha da shi, sai ta taka ta same shi, ta karanta masa tambayar ido da ido. In ya yi dariya, tambaya ta shiga. In fuskarsa ta canza, ta ja mata layi ta soke ta. Mai shayin bakin tashar jirgin ruwa da ya zuba wa ɗan kwastan gishiri a madadin sukari, da ta karanta masa tasa, cewa ya yi, "Tanti, ki ƙara da cewa kofi biyu ya shanye!"

Sai makon akwatin ya zo.

Wani bidiyo ne ya cika wayoyi. Tsoho a tsakiyar tashar Adjamé, ya tsuguna gaban koren akwati mai jan ƙyalle a hannu, yana nuna shi da yatsa kamar mai faɗa, daga baya ya buɗe lema ya kare shi daga rana. An ɗora kiɗa a kai, ba a jin abin da yake faɗa. Kowa dariya. Tanti ma ta dara, ta rubuta shi tambaya ta bakwai, ranar Juma'a ta tafi neman mai shi.

Malam Awwalu ne, mai sayar da hula da carbi a bayan tasha. Ta gaishe shi, ta karanta. Bai yi dariya ba. Sai ya ce mata:

"Baiwar Allah, akwatin matata ne, Hajara. Ta je Tawa ganin gida, ta rasu can. Shi kaɗai mota ta dawo mini da shi. Tambayarsa nake ina ya baro ta."

"Inna lillahi. Yako, sannu da haƙuri, Malam. Allah ya ji ƙanta."

"Tsaya, ban gama ba. 'Yata Maimunatu cikinta ya tsufa, likita ya kwantar da ita saboda hawan jini. Ba mu faɗa mata ba, kin san ba a kai wa mai tsohon ciki irin wannan labari sai ta sauka. Mijinta ya karɓe wayarta. Rediyo kaɗai aka bar mata, kuma shirinku ba ya wuce ta. Ita ta ɗaura jan ƙyallen nan da hannunta, da ta ji an kwatanta akwatin za ta gane. Amana na ba ki. Ko wanda kuke aiki tare kada ya ji, bakin mutanenmu ba ya riƙe magana."

Ta ja wa tambaya ta bakwai layi a gabansa.

Baƙon wannan Asabar kuwa Faruk ne, ɗan barkwancin nan haifaffen Abidjan da gidan rediyon ya yi wata uku yana zawarcinsa. Mansur ya shaida mini yadda aka yi. Faruk ya duba takardar tambayoyin, ya ɗago kai.

"Tanti, pardon, ina tsohon akwati? Har kwaikwayonsa na haddace. Ga lema ma na zo da ita."

"Ajiye lemarka, ɗana. Mai abin bai yi dariya ba."

"To saboda me?"

"Bai yi ba, shi ke nan."

Mansur ya ja ta gefe. "Tanti, don Allah ki ba ni dalili ko ɗaya in kai wa direkta."

Ta ce, "Ba ni da dalilin da zan ba ka."

Aka kunna jar fitila, shiri ya fara, kai tsaye. Tambaya shida sun wuce lafiya. Kafin Mansur ya buɗe baki a ta bakwai, Faruk ya matso da makirfo ya ƙyafta ido.

"Jama'a, ni ma yau da tawa tambayar! Wane tsoho ne a tashar Adjamé ya…"

Shiru.

Tanti, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa, ta riga ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta fizge babbar wayar wuta, ta riƙe ta gam a ƙirjinta. Minti huɗu gidan rediyon bai yi ko tari ba. Direkta ya shigo yana kumfar baki, ta ce ba za ta saki ba sai Faruk ya fita. Faruk ya ɗauki lemarsa ya fice yana rantsuwar ba zai sake taka gidan ba. Ranar Litinin aka miƙa mata takardar sallama. An ce tsufa ne, an ce taurin kai, har akwai masu cewa ta fara taɓuwa. Duk ta ji, a kasuwa da a tasha, ba ta tanka wa kowa ba.

Ke ce, Tanti, kika riƙe maganar da kalma biyar za su wanke ki, kika gwammace a kore ki. Ke ce kika koya mana dariya mai tsabta shekara goma sha tara, mu kuwa ko sunanki ba mu tambaya ba. Mai riƙon amana, mun yi miki laifi.

Bayan kwana goma sha ɗaya Maimunatu ta sauka lafiya, 'ya mace. Sai da ta yi ƙwari aka faɗa mata rasuwar mahaifiyarta. Ranar suna, bayan an raɗa wa jaririyar suna Hajara, Malam Awwalu ya miƙe gaban jama'a ya kwance amanar da bakinsa, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan. Mansur na wurin. Ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka.

Direkta ya ji labarin. Har yanzu bai kira ta ba. Shirin na nan, tambayoyin daga waya ake kwaso su, ba mai zuwa ƙofar kowa ranar Juma'a.

Mun gode, Tanti Balaraba. Allah ya saka miki, ya ba gwiwarki sauƙi. Ku kuma da ke da makirfo, da mu duka da ke da waya a hannu, kafin mu tura abin dariya gaba mu tambaya ko mai shi ya dara. In kuma hanya ta bi da ku Treichville, ku tsaya ku gaishe ta. Tana gida yanzu, kullum.