Cinyar Yayana da Bindigogi Biyu

A zamanin Turawa yayana dillalin shanu ne a karar Potiskum, ni kuwa tela, gida ɗaya muke a unguwar Dogo Nini. Wata ranar kasuwa wani bijimi ya tsinke daga turke ya yi cikin mutane. Masu bindiga biyu ne a wurin: ɗan sandan gwamnati da ya rako Baturen dabbobi, da wani ɗan doka na sarki riƙe da tsohuwar bindigar da suke ajiye wa mahaukatan karnuka. Aka ji ƙara sau ɗaya, bijimi ya zube.

Al'adar kara a lokacin, wanda ya kayar da bijimin da ya haukace shi ke da tozo. To, nan fa jarumai suka bayyana. Kofur ɗin 'yan sanda ya rantse yaronsa ne ya harba. Babban 'yan doka ya ce har makaho ya ga hayaƙi a bakin tasu bindigar. Suna cikin wannan musu bijimi ya miƙe ya girgiza, lafiyarsa ƙalau, ashe igiyarsa ce ta harɗe shi. Wanda bai miƙe ba shi ne yayana, yana kwance bayan turke, jini na malala daga cinyarsa.

Ban taɓa ganin jarumta ta gudu da sauri irin na ranar ba. Da yamma mai shela ya zaga gari yana cewa bindigar 'yan doka ta shekara ba ta tashi, na gwamnati ne suka harba. Washegari shi dai wannan bawan Allah, da muryarsa guda, ya sake zagawa yana cewa ɗan sandan gwamnati ko harsashi ba a ba shi ba. Muka ce madalla, ashe aljanu ne suka fito cin kasuwa.

Ni ba ruwana da wa ya harba, ƙafar yayana nake so. Na ɗora shi a jaki zuwa asibiti. Malamin asibiti ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ce harsashi kayan hukuma ne, likita ba ya taɓa shi sai waɗanda suka harba sun turo mai tsayawa shaida. Na je barikin 'yan sanda, suka ce in je wurin 'yan doka. Na je wurin 'yan doka, suka ba ni tabarma da ruwan sha, suka yi wa yayana addu'a mai tsawo, suka nuna mini hanyar bariki. Haka na yi ta safa da marwa, cinya tana kumbura, har warin ya hana matar yayana cin abinci a ɗakin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni.

Daga ƙarshe manyan ɓangarorin biyu suka zauna, suka sami gaskiyar da ta yi wa kowa daɗi: babu wanda ya harba, ƙaho ne ya soki mutum. Sharaɗi ɗaya, yayana ya faɗi haka da bakinsa a gabansu, sai a kwantar da shi a asibiti. Na ce wallahi ba zai faɗa ba. Ya kama hannuna, jikinsa zafi rau.

"Ƙanena, bar su," ya ce, sannan ya juya wajen manyan. "Ranku ya daɗe, ƙaho ne."

Kowa ya yaba da hankalinsa. Kofur har ya taimaka aka ɗaga shi. Likita ya kwance ɗaurin, ya duba, ya tambaye ni me ya sa muka zauna da mutum a gida har haka. A ranar aka yanke ƙafar daga sama da gwiwa.