Ranar da Na Yi wa Kamyo Dabaibayi

Ranka shi daɗe mai jarida, masu karatu su sani tun farko: lokacin da nike sabon magidanci, daga Bouza har Keita babu mahalukin da ya san mota kamata. Ban taɓa shiga ba, gaskiya ne. Amma wata biyu na yi ina aikin hanya na tilas, mota huɗu sunka wuce ta gabana, ɗaya har ta watsa mini ƙasa a baki. Da na koma ƙauyenmu sai na zama malamin mota. Mata na cewa aljani ne a ciki, tsofaffi na cewa su ba su yarda da dabbar da ba ta kiwo ba, ni ko ina bisa tabarma ina raba ilimi. Babban karatuna shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zura mata a hanci a murɗa har ta yi tari ta tashi. Na sha rantse musu cewa ran mota cikin ƙarfen nan yake, in babu shi ta zama raƙumi mai dabaibayi.

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi, damina ta yi mana rowa. Ana cikin haka sai ga kamyo, babbar motar kaya, da direba da gardi biyu, 'yan sandan Turawa, wai kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane gida shi kawo hatsi a kai Madaoua a ajiye mana saboda yunwa. Ko akuyar garin ba ta yarda da wannan ajiya ba. Munka loda buhuna muna haɗiyar zuciya. Da rana ta take, baƙin sunka ci tuwon maigari sunka miƙe ƙarƙashin gawo suna minshari. Nan Shaiɗan ya dafa mini kafaɗa. Na zare ƙarfen daga bayan kujerar direba, na sa cikin riga, na soke shi a jinkar rumbuna. A lissafina za su gaji su sauke hatsi su koma da ƙafa, ni kuma jikoki su riƙa ba da labarina.

Da la'asar direba ya lalubi ƙarfe ya rasa, gari ya rikice. Gardi sunka tara mu a dandali, kowa na kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Wani ya ce ya ga Bafillace ya gitta, wani ya tuna tsohuwar gaba ya nuna surukinsa. Sai babban gardin ya tambaya, wa ke da amfani da ƙarfe a garin nan? Idanu duka sunka juya wurin maƙerinmu, dattijo abokin mahaifina, wanda ya ƙera hauyar da na fara noma da ita. Shekarar ƙarfe ya yi wuya, kuma da safe kowa ya gan shi shina zagaya motar shina ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar mai sayen tukunya. Anka birkice maƙera ba a ga komai ba, gardi ya ce ai ya riga ya narke shi. Tsohon ya rantse har muryarsa ta dushe, sunka sa masa bulala a gabanmu. Matata ta matso ta raɗa mini cewa tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na yi shiru haka ba, lafiya? Na ce mata haƙori ne ke ciwo.

Maigari ya jawo ni gefe, a matsayina na masani, ya tambaya ko motar na iya tafiya haka. Na ce masa har abada. Ban rufe baki ba direba ya ce duk mai gemu da marar gemu shi zo shi sa kafaɗa. Munka tura kamyo cike da hatsinmu har bisa tudun dutse, ni ne a tsakiya, hayaƙi na jira na. Da ta gangara sai ta yi tari biyu ta kama ruri, lafiyarta lau. Na tsaya baki buɗe ina kallon hatsinmu na tafiya, ga tsohon maƙeri ɗaure bisa buhuna, hularsa ta faɗi a hanya.

Ban iya cin tuwo ba. Washegari na zaro ƙarfen a gaban matata, ta ɗaura mini guzuri. Yini biyu na yi a ƙafa zuwa Madaoua, na ajiye shi gaban tafinta na faɗi gaskiya. Bulalar da na sha, in an jera ta, za ta kai Tahoua ta dawo. Anka saki tsohon, ni na gaje masa wurinsa a kaso, wato kurkuku, har sati biyu, amma bayansa bai sake miƙewa daidai ba har ya koma ga Allah, kuma wannan nauyin ina ɗauke da shi har yau. Shi ya sa nike jan kunnen masu bakin irin nawa: ganin abu ya wuce a hanya ba saninsa ba ne, kuma in ka yi ɓarna ka yi shiru, wani bawan Allah ne zai biya da fatarsa.

Da na fito na tafi maƙera neman gafara. Na durƙusa na ce Baba, ka yafe mini, amma dai ka shaida na yi jarumta da na maida musu ƙarfensu da hannuna. Bai ɗago daga zuga-zugi ba. Ya ce, "Bulalar na yafe, ɗan nan. Abin da ban yafe ba, hauya uku ke cikin ƙarfen nan, ga maƙeri a bayan gidanka, ka ɗauka ka kai wa Bature har gida."