Ƙaho da Agogon Taubashina

Aji uku na yi a firamaren Yako kafin babanmu ya mai da ni gona, amma tun daga nan duk abin da aka rubuta da boko a danginmu ni ake kawo wa. Da haka na zama likitan taubashina, ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

A shekarun dogon layin mai ne ɗansa soja ya kai shi ƙasar waje aka buɗe masa ƙirji. Wata 'yar ƙofa ce ta lalace a zuciyarsa, aka cire ta aka sa ta ƙarfe. Ya dawo ƙirji na ƙas-ƙas. In masallaci ya yi tsit, na kusa da shi a sahu yana ji. Na ce ladan ya huta, mun samu agogo.

Ɗan ya zaunar da mu ya yi bayani. Jini ba ya shiri da ƙarfe. In ya same shi sai ya daskare ya yi gudaji, gudajin ya ɓalle ya haura kai ya toshe hanya, mutum ya shanye ko ya mutu. Saboda haka kullum sai ya haɗiyi wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini, kuma shi da ƙaho har abada. Ya danƙa mini kwalbar ya koma bariki.

Kalmar gudajin nan ita ta ja mana. Mutumin da duk bazara wanzami ke kafa masa ƙaho a gadon baya, ya tsaga, ya zuƙe, ya juye masa baƙin jini guda-guda a gabansa!

"Kai, Malam rabin boko," in ji shi, "gudaji suka ce ko?"

"Gudaji."

"To wanzami da me yake fitowa, kunu?"

Na ce wannan a cikin ƙahon yake daskarewa, bayan ya fito. Ya ce a wane aji aka koya mini. Na ce na huɗu. Ya ce ai ban kai can ba.

Ranar kasuwa ya sulale. Ina wajen masu albasa aka zo aka kira ni. Na tarar da shi a rumfar wanzami, bayan riga sharkaf, jini na bin ƙasa tsararo kamar zoɓo. Wanzami ya danna auduga, ya danna tsumma, yana ta salati, wai tunda ya gaji aska bai taɓa ganin jinin da ya ƙi tsayawa ba. A ƙaramar bas muka kai shi asibiti, ina danne da bayan. Nas ta dube ni ta ce, "Baba, ba kai aka ce mai karatun ba?" Ni aka yi wa faɗan, shi aka ba shayi.

Na ɗauka ya ji a jikinsa. Ina! Abin da ya fahimta shi ne ƙwaya ta mai da masa jini ruwa. In na ba shi, sai ya jefa goro a kai, ya tauna, ya tofar gaba ɗaya a gindin darbejiya. Na yi lallami, na yi zagi irin na taubashi, har wurin limami na kai shi ƙara. Ya rantse yana sa ta a baki. Bai kuwa yi ƙarya ba.

Ana cikin yankan dawa ya faɗi wajen alwala. Ya tashi baki a karkace, hannun dama ya ƙi motsi. Agogon dai yana ta bugawa, ko a jikinsa.

Da ya fara iya magana na sunkuya kusa da bakinsa, ina jiran ya ce na yi gaskiya. Da ƙyar ya haɗa kalmomin.

"Ka gani? Da kun bari... an ƙarasa ƙahon nan."

Na ƙwace goron da ke hannunsa na hagu, na tura masa ƙwayar, na bi ta da ruwa, na ce ya buɗe baki in duba ƙarƙashin harshe. Haka muka yi ta yi har damina da yawa, kullum bayan la'asar, yana hararata da ido ɗaya.