Yaya Arzika da Dokin Maƙeri

Ku da kuka san Yaya Arzika kun san ba ya gaida baƙo sai ya gama sauraron takun dokin baƙon. Mutum na tahowa, shi kuwa ya rufe ido ya karkata kai. In kofato huɗu suka sauka ɗaya bayan ɗaya, sai ya miƙe ya shimfiɗa buzu: doki mai taƙama ne, mai shi ya zo zaune lafiya kamar a kan tabarma. In kuwa biyu-biyu suke sauka, kwaf-kwaf, wato sassarfa mai jijjiga mahayi, ko tashi ba ya yi.

"Sannu da wahala," zai ce. "Kande, kawo mishi ruwa, hanjinshi ya juye."

Ni ce Kande, ƙanwarsa. Mu biyu muka rage a gidan nan, shi ba mata, ni ba miji. Ta ukunmu, 'yar'uwarmu Hajo, tana aure can arewa wajen rijiyoyin Azagor, tafiyar kwana biyu. Tun da na faɗi a bakin rijiya ƙuguna ya goce, ba abin hawan da nake iya jurewa sai goɗiyarsa Gunya. Kowace kaka, in an gama yankan gero, ya ɗora ni a kanta, shi yana ja a ƙasa, mu je mu ga Hajo. Ganinmu ke nan a shekara.

Wata rana wani Bafillace ya kawo doki, ya rantse mai taƙama ne. Ina kallo Yaya ya shiga ɗakina ya ɗauko ƙwaryar nonona, cike, ya miƙa masa a kan sirdi.

"Kai ta gindin aduwar can ka dawo."

Mutumin ya dawo da nono har gemu.

"To, da me za mu dama fura?" na ce.

"Matse gemunshi," in ji Yaya.

Bai ishe shi ba, ya koma kan jakina. Wai taƙama, wani doki da ita ake haihuwarsa, wani kuwa koya masa ake yi da tarnaƙi, a ɗaure ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya har tafiyar ta zauna masa. Wata biyu jakin yana yawo da igiya. Ranar da aka kwance shi ya tsaya cik, ya ƙi ko taku ɗaya sai an mayar masa da igiyarsa.

"Ka lalata mini jaki."

"Ilimi na ba shi. Nauyi ya yi mishi."

Da damina ta zagayo Gunya ta mutu. Kakar nan ba mu je ko'ina ba. Yaya ya riƙa share turkenta kowace safiya, ni ina yi kamar ban gani ba. Da bazara masu ayarin gishiri suka kawo labari Hajo tana kwance, tana kiran sunayenmu.

Duk garin ba doki sai na maƙeri, mai sassarfa, wanda Yaya ya yi shekaru yana kiransa Turmi.

"A ɗora ni," na ce.

"Ba ki kai gonar ƙarshe da rai."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushi. Mutumin da tun yana saurayi bai hau mai sassarfa ba, ya tafi maƙera ya durƙusa.

"Turmin nawa kake so, Baba Arzika?" in ji maƙeri.

"Shi. Ka yi dariyarka in na dawo, yanzu sauri nake."

Kwana biyar ina zaune ni da jaki. Ranar ta shida da hantsi ya shigo, ƙafafunsa a buɗe kamar mai ɗauke da tulu a tsakaninsu. Tuwo ma a tsaye ya ci.

"Ta gaishe ki," ya ce, idonsa a kan akushi. "Ta ce duk cikinmu kin fi haƙuri."

Tun muna yara Hajo ba ta taɓa aiko mini gaisuwa ba sai da tsiya a ciki. Mai haƙuri, ni? Nan na gane kabari ya tarar.

"Ina amsawa," na ce, na tashi na ɗora masa ruwan gashi.

Bayan kwana goma mijinta ya aiko da labarin rasuwa. Yaya ya yi ta salati kamar ranar ya fara ji. Shekara uku muka ƙara tare, bai faɗa ba, ban tambaya ba.

Yanzu gidan ni kaɗai. Allah ya jiƙan Yaya Arzika, ya yafe masa wannan ƙaryar, ya rubuta masa jijjigar hanyar nan a cikin lada. Allah ya haɗa shi da Hajo, su ajiye mini wuri kusa da su.